Tantabara a Kan Tabarmar Inna

Shekarar da ɓarin jikin mahaifiyata ya shanye, kyanwar gidanmu ta sauya hali. A da ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Amma tun da muka dawo da Inna garinmu Gure daga asibitin Damagaram, sai ta tare a ɗakinta. Takan hau hannun nan da ba ya motsi, ta yi ta tattaka shi a hankali da ƙafafunta na gaba, tana gurnani ƙasa-ƙasa. In Inna ta dube ta, sai ta lumshe ido, ta buɗe, ta sake lumshewa. Inna ma ta koyi mayar mata da haka.

Daga nan ta fara kawo ƙadangaru tana ajiyewa a bakin tabarma. Muka yi ta dariya. Ran da ta kawo tantabara, ba wanda ya yi dariya, don mun san mai ita. Maƙwabcinmu ne, wani tsohon jandarma da ya fi kula da tantabarunsa fiye da cin abincinsa.

Wata Laraba na taso daga lakwal inda nake koyarwa, bayan azahar, na tarar da matata tsaye a ƙofar ɗakin Inna ta dafe ƙirji. Farar tantabara ce kwance kusa da ƙafar Inna, wuya a karye, kyanwar na zaune gefenta. Ban kai ga cire takalmi ba muka ji sallama, irin wadda ba ta jiran amsa. Matata ta yi wuf ta kife kwano a kan tsuntsuwar.

Na fita na sami maƙwabcin namu a zaure da gora a hannu.

"Malam, uku ke nan," in ji shi. "Na ga shigowarta nan. Fito mini da ita."

"Baba, a yi haƙuri, mu zauna tukuna."

"Ban zo zama ba."

Sai muryar Inna ta fito daga ciki, a karkace kamar yadda ciwon ya bar ta, ta ce in shigo da shi. Ya sunkuya ya shiga, ya gaishe ta a taƙaice, idonsa na zagaya ɗakin. Kyanwar ta riga ta shige ƙarƙashin mayafin Inna. Ina ganin tudunta, ina kuma ganin wani farin gashi da ya leƙo daga bakin kwanon. Na matsa na tsaya a gaban kwanon.

Kyanwar ce ta tona mana asiri. Ta fito daga mayafin, ta wuce ta gaban gorarsa ba ko gezau, ta je ta tura kwanon da kai. Ta waiwayi Inna ta yi kuka, ta sake turawa. Ya sa bakin gorar ya ɗaga kwanon. Na ga jijiyar hannunsa ta tashi, na kuma san in ya ɗaga gorar ba zan iya riƙe dattijo sa'an ubana ba.

"Ni ta kawo wa," Inna ta ce. "Ta ga ba na cin abinci. Laifin nawa ne, Alhaji."

Kyanwar ta koma ta goga goshinta a tafin hannun da ya shanye, ta kwanta a kai. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya sunkuya ya ɗauki tantabararsa ta ƙafa.

"Allah ya ba ki lafiya, Hajiya," ya ce. A zaure ya juyo gare ni. "Kafin Juma'a kada in sake ganin kyanwar a unguwar nan. In na gan ta, ba zan yi sallama ba."

Ran Alhamis da safe na nemo kwali na huda shi. Inna ta hana a sa ta cikin buhu, ta kuma sa matata ta cire mata kallabin kanta a shimfiɗa a ciki. Da na ɗauke ta daga kan hannun Inna, ta yage ni tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Inna ta juya fuska bango. Na ɗaure kwalin bayan moto, babur ɗina, na kama hanyar Kelle, inda ƙanwar Inna take aure cikin makiyaya. Duk tsawon yashin hanyar kyanwar tana kuka, sai da muka kusa isa ta yi shiru, har na tsaya na leƙa ko tana numfashi.

Kwana biyu Inna ba ta yi mini magana ba. Daga baya ƙanwar tata ta aiko cewa kyanwar ta ƙi madara kwana uku, a kan kallabin take kwana, amma yanzu ta fara bin ta wurin tatsa. Inna ta sa aka maimaita mata saƙon, sannan ta ce a dama mata kunu.