Rediyon da ya cije ni

Jama'a, yau rediyo ya cije ni!

Kyankyaso na ji yana motsi a ciki. Ni ba yarinya ba ce, sai da na zare wayar daga bango kafin na zura cokali. Tas! Har kafaɗata.

Maƙwabciyata Ladi ta ce, "Iya, ba wuta amma ya ja ki? Iskoki ne, a jefar da shi!"

Rediyon da ɗana ya saya mini? Na ɗauki abina sai unguwar Kongo, wurin mai gyara.

Ya nuna mini wani ɗan gwangwani a ciki. "Kwandansa ke nan, Iya. Wuta yake tarawa kamar randa. Ko an ɗauke ruwan famfo, ai da saura a randa. Ita kika ɗebo da cokali!"

Na dawo na kunna. Ladi ta ƙi shigowa, amma daga bakin ƙofa ta ce in ƙara murya.