Kujerar Baba a shagon maigidana

Shekarun baya, muna sabon aure, saura kaɗan maigidana ya kwashe ni daga Douala gaba ɗaya. Shi mutumin Kano ne, ya zo da jarinsa ya kama shagon atamfa da shadda a babbar kasuwa. Ni kuwa a unguwar New Bell aka haife ni, nan na yi karatu, ina da aikina na ofis, ga mahaifina ya manyanta kuma ni kaɗai ce 'yarsa da ta rage a gari.

Kaya kam yana da su masu kyau, amma shago shiru. Matan unguwa su wuce shi su shiga na kusa, su sayi abin da bai kai nasa ba. In sababbin kaya suka sauka a tashar jirgin ruwa, sai an gama rabawa yake jin labari. Ko salla zai tafi sai ya kulle shago, don babu maƙwabcin da zai ce wa ya duba masa. Ba wanda ya tsane shi fa. Ba su san shi ba ne kawai, Faransancinsa kuma bai wuce gaisuwa ba.

Wata rana muna cin abinci ya ce, "In aka yi Babbar Salla abin bai canza ba, ki shirya, gida za mu koma."

Na tashi haiƙan, na sa aka rubuta masa allon talla mai launi, na yi ta tura hotunan atamfa a waya har ƙawayena suka fara gudun saƙona. Duk wannan wahala mace ɗaya ta jawo mana daga unguwar Kotto, ita ma ta taya ta tafi.

Na je na faɗa wa mahaifina ina share hawaye. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi ritaya, ba shi da abin ba wa kowa. Ya gama saurarona ya ce, "Akwai kujera a shagon?"

"Baba, ina maganar za a raba ni da kai, kana tambayar kujera?"

"Ça va aller, komai zai daidaita. Ki ce ya nemi mai jingina, bayana ba ya son benci."

Washegari da hantsi ya ɗauki lemarsa da 'yar rediyonsa ya je ya zauna a bakin shagon. Haka ya riƙa yi kullum, ko ana ruwa. Bai taɓa ce wa kowa ya sayi ko yadi ɗaya ba. Amma wa zai ga Baba ya wuce? Mahaucin da suka taso tare ya tsaya, dillalin da Baba ya raɗa wa ɗansa suna ya tsaya, tsofaffin ƙawayen marigayiya mahaifiyata su tsaya su yi ta tsokanarsa. Duk wanda ya zo sai Baba ya nuna masa maigidana ya ce, "Ɗana ne, c'est mon fils," ya koma hirarsa.

Da farko maigidana har ƙorafi ya yi mini. "Baba ya mai da min shago majalisa, shayi kawai nake ta saye."

Sannu a hankali abu ya juya. Mai shagon kusa ya fara ce masa, "Je ka yi sallarka, ina gani." Dillalin nan ya riƙa kiransa tun kafin a buɗe kwantena. Wasu mata suka fitar da ankon biki a wajensa. Salla ta zo ta wuce ba a ta da zancen Kano ba, ni ma ban tuna wa kowa ba.

Sai kawai Baba ya daina zuwa. Na tafi gida a tsorace, ko ba shi da lafiya, ko an ɓata masa rai. Na tarar da shi yana sauraron rediyo.

Ya ce, "Jiya wani ya shigo ya gaisa da mijinki, suka yi ta hira, sai da zai fita ya lura da ni. To zaman me zan ƙara yi?"

Yana dariya ya faɗa, amma ni tausayinsa na ji, don na san ya saba da zaman.

Har yau in na ji ana cewa wane da ƙoƙarinsa kaɗai ya tashi, sai in tuna kujerar Baba. Ƙoƙari kam maigidana yana da shi tun ranar da ya sauka. Abin da ya rasa shi ne wanda za a gani kusa da shi.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, kujerar ta ci gaba da zama a shago. Bara na leƙa na ga babu ita, na tambayi maigidana raina a ɓace. Ya ce wani baƙo ne ya kama shago a layin baya, shi ya kai masa ita can, zai riƙa zuwa yana ɗan zama a wajensa da hantsi.