Rudun albasata da Hajiyar Gana

Shekarun baya na yi wata wauta a Galma, kuma da shiri na yi ta, har da sabuwar hula.

Shekarar albasa ta yi mini kyau. Na cika rudu, wato rumbun ciyawa da muke ajiyarta, na sa mishi ƙofar kwano da kwaɗo, saboda matata da ke zagawa tana ɗibar ta miya. Ta yi magana ta gaji.

"Malam, albasa rai gare ta. A buɗe, a tsince wadda ta lalace."

"Ke dai miyarki kike ji," in ji ni.

Ana dab da damina sai anka ce wata Hajiya ta zo daga Gana da kamyo, babbar motar kaya, sayen albasa. In ba ta ɗauki tawa ba, ruwa ya sauka, noman shekara ya tahi. To ni ajina ukku a lakwal, makarantar boko, Faransancin ma da sanda yake tahiya, balle Ingilishi. Na nuhi abokina, tsohon mushe, wato malamin makaranta, a Madawa, na ce ya koya mini yadda zan ce rudun a ruhe yake tun cirar albasa, don ta san kaya ne da hannu bai taɓa ba.

"Tun yaushe za ka ce, ko tsawon wane lokaci? Kowanne da kalmarshi."

"Mushe, ba ni mai tsada."

Na dawo ina bitarta a kan jaki.

Da Hajiya ta iso, dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Na gyara hula, na buga ƙirji: "It haz bin kuloz sins habes!"

Ta dube ni, ta sa hanci jikin ciyawar rudun, ta miƙo hannu. Na ba ta makulli. Warin da ya fito, har jakin sai da ya ja baya.

Na ce shi ke nan. Amma baiwar Allah ta ɗaura gyale a ƙugu, ta yafito matata, sunka zauna cikin rana suna tsinta. Ta danna wuyan albasa da babban yatsa, ta jefa dama ko hagu, ko dubawa ba ta yi. Abin da ya tsira ta saye, ba ta karya mini daraja don ta ga na matsu ba. Har yau in ana zancen 'yan kasuwa masu tsoron Allah, ita nake fara tunawa.

Da za ta hau mota na ce bari in ƙara gwada ilimina, na soma jero godiya da Ingilishi. Sai ta juyo, da Hausarta garau ta mutanen zango, Hausawan Gana:

"Baba, Ingilishinka ba laifi. Ƙofa ce ka ɓata: ka kulle rudu, ka bar baki a buɗe."