Lakar Duron Dogo

Shekarun da kuɗin mai suka fara isowa ƙauyuka, aka gina ƙaramin asibiti a wani gari tsakanin Tambuwal da Kebbe, aka ɗauki Dogo lebura. Aikinsa wanke kwalaben magani. Ruwan wankin kan fito ja, ya bi lambatu ya faɗa tafkin da shanu ke sha. Malamin asibiti ya ce a daina. Ya sa aka kawo duro, ya nuna wa Dogo yadda zai tara ruwan, ya daka alif ya zuba, ya motsa da sanda, ya bari ya kwana. Da safe dauɗar ta dunƙule ta kwanta ƙasa. Sai a tsiyaye na sama cikin rami, lakar kuma a binne.

Lakar nan ce ta hana Dogo sakat. Mutanen gari suka yanke cewa tunda kowane magani ya bar ɗan rabonsa a ciki, to ita ce uwar magunguna. Mai tari ya zo, mai ciwon baya ya zo, har mai jakin da ya ƙi cin harawa. Dogo ya binne lakar bayan katanga, aka tone.

Wadda ta fi ƙarfinsa Gwaggo Yelwa ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi. Ta iso da ƙoƙonta.

"Ɗan nan, ɗebo min ta can ƙasa, mai kauri."

"Gwaggo, dauɗa ta! Mi za ki yi da ita?"

"Gwiwa. Abin da malaminku yab ba ni tsararo na, awa kunun marowaci. Nan kau duk sun taru."

"Sun taru su kashe ki!"

"To in ba ta da amfani, don mi kaka ɓoyon ta? Wa ka binne banza?"

Dogo ya san yana juya baya za ta ɗiba, kuma shanyewa za ta yi. Sai ya kinkimi bokitin lakar, tana biye tana faɗa, ya ratsa layin masu jiran allura, ya juye shi kaf a masai.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Lahiyata ka zuba ciki, Dogo?"

Tun daga ranar nan can yake juyewa kowace safiya. Ita kuwa ta daina aiko masa da fura. Ta yi tsawon rai tana ɗingishi, duk wanda ya gaishe ta da ƙafa sai ta ce ya je ya tambayi Dogo.