Lido Mai Gilashi

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, ni ma aka dawo da ni Kano daga makarantar ƙauyen da na daɗe ina koyarwa. Duk tsawon lokacin nan iyalina suna Gyaɗi-Gyaɗi. Ƙarshen wata nake zuwa kamar albashi, wani watan ma, kamar albashin, in makara.

Da na dawo zama sai na tarar gidan ya saba da rashina. Tun daga soro zan jiyo ana gardama ana dariya. Da na yi sallama sai tsit. Yaran biyu su durƙusa, "Sannu da zuwa, Baba," su sulale ɗakin uwarsu. Babban, namijin, ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, haka muka tarar ana yi. "Kai" nake cewa, ya amsa. Ga shi ya ci jarrabawar makarantar kwana, tafiya ta matso. Abin da nake so bai da yawa: kafin ya tafi ya yi musu da ni ko sau ɗaya, ko ya yi dariya ina wurin.

Wata Asabar na hau acaɓa zuwa kasuwar Tarauni, shagon wata mata 'yar kudu mai sayar da littattafan rubutu da kayan wasa. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina.

"Malam, yau ba jan biro ba?"

"Abin wasa nake nema, Madam. Na gida."

"Na yara?"

"Har da ni."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Gwamnati ta canja da gaske."

Ta baje su a kan teburi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar ina duba takardun jarrabawa. Dirafti na mutum biyu ne, kuma na 'yan gindin bishiya masu buga allo da ƙarfi. Dara ba a sayen ta, ƙasa da tsinke sun isa, amma ban ga kaina tsugune a tsakar gida ina haƙa rami ba. Akwai wani na haɗa kalmomin Turanci. Na daɗe ina shafa kwalinsa, sannan na tuna halina, da an fara zan mayar da shi darasi. Ta turo min maciji da tsani.

"Wannan ba dabara a ciki," na ce. "Sa'a ce kawai."

"To ai shi ya sa ake dariya."

Na ture shi. Na zaɓi lido, babba mai katako da gilashi, saboda gida huɗu ne, mu ma huɗu ne, kuma akwai tunani a ciki: kai za ka zaɓi ɗan da za ka matsar. Na rungumo shi a bayan acaɓa kamar mai ɗauke da hoton aure.

Bayan la'asar na sa aka shimfiɗa tabarma. Uwargida ta fito tana goge hannu. "Malam, da girmanka?"

"Zauna, ke ce kore."

Ta zauna can gefe, kamar ta zo gaisuwa. Aka fara. Ba a jin komai sai ƙarar ɗan lido cikin kofi. A lido, in ɗanka ya sauka kan na wani, ka ci shi ke nan, ya koma gida ya sake farawa. Daɗin wasan duk a nan yake. Na lura suna cin junansu a hankali, har da ba da haƙuri, amma jajayen 'ya'yana suna zagaye allon kamar motar gwamna, kowa na kaucewa. Duk wanda ya sami damar cina sai ya matsar da wani ɗan. Zaɓin da na saya da tsada, abin da suka yi da shi ke nan. Na ci ranar, na ci washegari, na yi ta ci.

Ana gobe zai tafi, akwatinsa na ƙarfe an riga an ɗaure, na ce a yi na sallama. Na yi ta lallaɓa wasan har na ajiye jan ɗana a gaban nasa, a lokacin da ɗa guda ya rage masa a waje. Ya girgiza, ya zuba. Uku. Daidai kaina. Ba wani ɗan da zai fake da shi.

Ƙanwarsa ta toshe baki. Uwarsu ta dubi katanga.

"Kai," na ce, "wasanka ne."

"To, Baba."

Ya ɗauki ɗan, ya ƙirga a fili, ɗaya, biyu, uku, ya sauke shi gaba da nawa. Yaron da lissafi ya kai shi makarantar kwana. Na buɗe baki, don a rayuwata ban taɓa barin kuskuren ƙirga ya wuce ba, sai ya miƙo mini kofin da hannu biyu. Uwarsa ta ce a hankali, "Malam, zuba mana."

Na zuba. Na ci wasan. Suka haɗa baki, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Na miƙe na shiga ɗakina, na saki labule, na buɗe wani littafi. Ban gama shafin ba na jiyo kofin ya soma kuka da ƙarfi, sai muryarsa, wadda ban san ta yi kauri haka ba: "Na cinye ki! Koma gida, 'yar ƙauye!" Ƙanwar ta rantse ya yi maguɗi, uwarsu na dariya har da tari. Na matsar da kujera kusa da labulen, a hankali, don kada su ji.