Ranar da Muka Rage Murya Don Mama Saratu

Ina zaune a shagon shayi irin wanda 'yan ƙasar nan ke kira mamak, a kan titin Jalan Semarak, ina tsine wa labaran gida kamar kullum, sai kiran Mama Saratu ya shigo. Ta ce, "Malam Ayuba, abokin faɗanka ya tafi." Mijinta, Baba Istifanus, mutumin Jos, ya kishingiɗa bayan sujada ranar Lahadi, bai farka ba.

Tare muka ƙetaro teku muka zo ƙasar nan ƙarin karatu da tallafin gwamnati, tallafin ya mutu a hanya. Shi ya kama koyar da lissafi yana fara'a. Ni na kama ɗaci, har yau ban sake shi ba.

Abin da ya riƙe shi tsofaffin faya-fayan garmaho ne, na waƙoƙin soyayyar jaz, irin na zamanin da masu busa ƙaho kan cika dandamali a bayan mawaƙiya ɗaya. Ya tono su ne a wurin masu gwanjo na kasuwar Chow Kit. Nakan ce masa, "Baba, Turawan nan sun daɗe a kabari, kai kana nan kana jin ƙaryarsu." Sai ya ɗora allura a kan faifai ya ce, "Ayuba, saurara. Ga maza cike da wuri suna busa, amma da matar nan ta buɗe baki duk sun rage murya. Ka taɓa ganin majalisar da ta yi haka?" Ko ni sai da na dara.

Ya kuma lura mawaƙiyar takan shigo a bayan kiɗa, ba ta gaggawa. "Kamar Saratu da zuwa coci," in ji shi, "kullum a makare, amma ba a farawa da gaske sai ta iso." Daga kicin sai ka ji ta: "Tsoho, ina jinka fa!"

Duk Asabar da la'asar yakan ture kujeru ya yi rawa da ita. Da gwiwarta ta gaza, sai ta zauna, ya riƙe hannunta yana juyawa shi kaɗai. Wasiyyarsa ɗaya ce, ya sha faɗa a gabana: kafin a kai gawarsa Jos, a sa wa Saratu faifan Asabar.

Ranar zaman makoki a gidansu na kusa da unguwar Kampung Baru, na ɗauko garmahon. Wani dattijon ikilisiya ya tare ni. "Malam Ayuba, gidan rasuwa ne fa, ba otal ba. Kai da rabonka da coci ma an manta." Falo ya kaure. Wasu na cewa a yi waƙar yabo kawai, ɗaliban marigayin na cewa "boleh, Malam, a sa mana", wato ba laifi a yaren ƙasar. Kowa na magana a kan abin da ya dace da matar, ita kuwa tana kusurwa ba wanda ya tambaye ta. Na ga wasiyyar za ta bi tallafinmu.

Na ce, "Jama'a, mun yi busa ya isa. A rage murya, mai waƙar na nan zaune."

Aka yi tsit. Mama Saratu ta ɗan jima, kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Yabo za mu yi har Jos. Yanzu a sa mini nawa." Faifan ya fara 'yar ƙararsa, ƙahoni suka taso. Ta miƙo mini hannu. "Tashi, mai baƙin rai, ka juya a madadinsa." Na juya, na taka ƙafar dattijon nan, ta yi dariya hawaye na zuba.

Ubangiji ya ji ƙan Istifanus, ya ba shi hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da Saratu da 'ya'yansu da jikoki, ya kai gawarsa gida lafiya. Garmahon ta bar mini. Allah ya ba ni wadda zan ture wa kujeru ranar Asabar. Amin.