Ɗan Farin Baba a Gaban Majalisa

Shekarar da farar hula suka karɓi mulki, kuɗin fetur na yawo har a kasuwar Wudil, aka aiko wa Baba takarda. An sa sunansa cikin waɗanda za su zauna a hukumar sauraren ƙorafin jama'a a kan 'yan sanda, amma sai kwamitin majalisa ya tantance shi tukuna. Tsohon hedimasta ne, ritaya ta ishe shi, yana son aikin nan kamar me.

Ni na cike masa fom, lokacin ban daɗe da gama sakandare ba. Da muka zo inda ake tambaya ko yana da ɗa a aikin ɗan sanda, ya ce in tsallake. Alhali Yaya kofur ne a 'yan sanda! To amma ɗan fari ne, a Utai baffanmu ya riƙe shi, kuma ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba. Na ce wannan fa ɓoyewa ce. Ya ce bakina ya yi yawa.

Na dai bi shi Kano, na zauna a bencin 'yan kallo. Ana cikin tambayoyi wani ɗan majalisa, wanda ya san gidanmu sarai, ya ɗaga fom ɗin ya tambayi dalilin barin layin nan fili. Baba ya ce akwai dai wani yaro a gidan wansa. Aka ce ɗan wa? Ya sunkuyar da kai. Shugaban kwamiti ya fara rubutu, na ga aikin zai tafi a banza.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ɗansa ne. Na fari."

Ɗakin ya ɗauki dariya, don rabinsu haka suke da nasu 'ya'yan farin. Shugaban ya ce in zauna, sannan ya tambayi Baba abin da zai yi in aka kawo ƙarar yaron.

"Tashi zan yi in ba su wuri. Wanda ban iya kiran sunansa ba, ina zan iya zaman shari'arsa?"

Suka sa ya cike layin da hannunsa, suka amince da shi.

A mota bai kula ni ba. Sai da muka haye gadar Wudil ya sayi soyayyen kifi ƙunshi biyu, ya miƙo mini yana kallon kogi.

"Ɗaya naki. Ɗayan ki aika wa wancan."